Dashen tantanin ido: abin da ke sa ya kama da abin da ke sa ya lalace

A wannan fitowa za mu tattauna a kan wani aikin ido wanda a da ba mu cika jin labarinsa ba, amma yanzu ya fara shigowa gidajenmu, wato dashen tantanin ido. Sau da yawa dangi kan haɗa kuɗi, a sayar da bisashe ko gona, a kai maras lafiya babban birni ko ƙasar waje domin a yi masa wannan aiki. Idan ya dawo sai a yi ta barka da arziki, a ɗauka an gama. Alhali kuwa ranar da aka fito da shi daga ɗakin fiɗa ita ce ranar farko ta jinyar da takan ɗauki shekara guda ko fiye. Aikin likita bai cika wuce sa'a ɗaya zuwa biyu ba. Sauran aikin yana hannun maras lafiya da mutanen gidansa, kuma a nan ne dashe da yawa ke kamawa ko ya lalace.

Mene ne wannan tantani?

Idan muka dubi idon mutum ta gefe, za mu ga wani tantani garai-garai mai ɗan tudu, kamar gilashin agogo, ya rufe baƙin ido. Shi ne likitoci ke kira korne. Faɗinsa kimanin milimita 12 ne, kaurinsa a tsakiya bai fi rabin milimita da kaɗan ba, amma ta cikinsa haske ke shiga ido, kuma shi ke yin kusan kashi biyu bisa uku na aikin tattara hasken domin mutum ya ga abu sarai. Babu jijiyar jini a cikinsa. A bayansa akwai wata shimfiɗa ta ƙananan ƙwayoyin halitta masu tsotse ruwan da ke shigarsa dare da rana. Waɗannan ƙwayoyi ba sa hayayyafa; wadda ta mutu ta mutu ke nan, kuma idan suka yi ƙaranci sai tantanin ya kumbura ya yi hazo.

Ya kamata mu bambanta hakiya da yanar ido, domin akan rikita su. Yana tana can ciki, bayan baƙin ido, kuma aikinta daban ne. Hakiya kuwa tabo ce a kan tantanin gaba, kuma a ƙasashenmu abin da ya fi jawo ta shi ne ƙyanda tare da ƙarancin bitamin A, da ciwon amodari, da tsokanar karan hatsi ko ƙaya lokacin aikin gona, da kuma magungunan gargajiya da ake zubawa a ido. A aikin dashe, likita yana yanke ɓangaren da ya lalace, ya maye gurbinsa da lafiyayyen tantani na wani mamaci. Ba a dasa ido gaba ɗayansa, kuma dashe ba ya dawo da gani ga wanda jijiyar idonsa ta riga ta mutu.

Dashen farko da ya yi nasara an yi shi a 1905, a hannun likita Eduwad Zirm, a garin Olomuts da ke cikin Jamhuriyar Cek ta yau. Ya yi wa wani lebura wanda farar ƙasa ta ƙona masa idanu aiki a ido biyu a rana ɗaya, da tantanin da ya fito daga mutum ɗaya. Ido ɗaya ya yi garau, ɗayan ya lalace. Tun daga ranar farko ke nan aka ga cewa ƙwarewar hannun likita kaɗai ba ta yanke hukunci.

Wani abin da ya kamata mu sani shi ne tsadar samun tantanin kansa. Wani bincike da ya shafi ƙasashe 148, wanda aka wallafa a 2016, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 12.7 ke jiran dashe a duniya, kuma tantani ɗaya ne ake samu ga mabukata 70. Ma'ajiyar tantanin ido, wadda ake kira bankin ido, kaɗan ce a Afirka. Ɗaya daga cikin sanannu ita ce ta Adis Ababa da aka buɗe a 2003. Wanda ya samu dashe ya samu rabon da mutane da yawa suka rasa, kuma ba lalle ya samu na biyu ba idan na farko ya lalace.

Ciwon da ya kai mutum ga dashe

Manomi ya san cewa kamawar dashe tana farawa daga ƙasar da aka dasa shi. Haka abin yake a ido. Wanda ya fi kowa sa'a shi ne mai ciwon da ake kira keratokon, inda tantanin ke yin siriri ya yi tsini, galibi ga matasa, musamman waɗanda suka taso da ƙaiƙayin ido suna yawan murza shi. Idon irin wannan maras lafiya ba shi da kumburi ko jijiyoyin jini a tantani. Kundin da ƙasar Ostareliya ke tarawa tun 1985 ya nuna cewa kimanin tara cikin goma na irin wannan dashe suna nan garau bayan shekara 10.

Lamarin yakan sauya idan jijiyoyin jini sun riga sun kutsa cikin tantanin, kamar yadda kan faru bayan gyambon ido mai tsanani, ko amodari, ko ƙunar ruwan batir da sodar haɗa sabulu. Waɗannan jijiyoyi su ne hanyar da sojojin garkuwar jiki ke bi su tarar da baƙon tantani su yaƙe shi. Gwargwadon yawan jijiyoyin, gwargwadon haɗarin jiki ya ƙi dashen. Haka kuma dashe na biyu bai kai na farko daɗewa ba, na uku bai kai na biyu ba, domin jiki ya riga ya gane baƙon. Akwai kuma ƙwayar cutar harpes, wadda ke fitar da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Idan ita ta jawo hakiyar, tana iya farkawa a kan sabon tantani, shi ya sa likita kan rubuta ƙwayar asiklobir ta sha har tsawon shekara ko fiye.

Fatar ido da hawaye su ma suna da nasu rabo. Idan amodari ya juyar da gashin ido ciki yana gogar tantani, wajibi ne a gyara fatar kafin a yi maganar dashe, in ba haka ba gashin da ya ɓata tsohon tantani shi zai ɓata sabon. Idon da ya bushe, ko wanda ba ya rufuwa sosai, ko mai hawan jinin ido da ba a shawo kansa ba, duk sai an fara da su. Don haka idan likita ya ce a dakata da dashe a yi wani magani tukuna, kada mu ɗauka jan rai ne.

Irin aikin da aka yi

Dashen iri uku ne, kuma kowanne da tsawon jinyarsa. Na farko shi ne dashen kauri duka: a yanke da'ira mai faɗin kimanin milimita 8, a ɗora sabuwa, a ɗinke da zaren nailan wanda ya fi gashin kai siranta, sau da yawa ɗinki 16. Shi ne aka fi yi wa masu hakiya mai zurfi. Da yake babu jini a wurin, raunin yana jinkirin haɗewa, zaren yakan zauna shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi, kuma gani yakan yi ta sauyawa har sai an gama cire shi. Bayan haka yawancin mutane kan buƙaci tabarau, ko ɗan gilashin da ake ɗorawa a kan ido, domin sabon tantani ba kasafai yake zama daidai ta kowane gefe ba.

Na biyu shi ne dashen gaba kawai, inda ake barin shimfiɗar ciki ta maras lafiya a wurinta. Likita Muhammad Anwar, wanda a lokacin yake aiki a Saudiyya, ya bayyana a 2002 wata dabara ta raba shimfiɗun da kumfar iska, wadda ta sauƙaƙa wannan aiki. Shi ma akwai zare da jira, amma haɗarin jiki ya ƙi shi ya ragu ƙwarai. Na uku shi ne dashen shimfiɗar ciki kawai, wanda likita Gerit Meles na ƙasar Holan ya kai ga mafi sirantarsa a 2006. A nan kumfar iska ko ta gas ce ke danne dashen har ya manne, don haka ake umartar maras lafiya ya kwanta rigingine a kwanakin farko. Gani yakan dawo cikin makonni ko ƴan watanni. Wanda aka sa wa gas kada ya hau jirgin sama sai likita ya tabbatar kumfar ta baje, domin tana kumbura a sama ta matse ido.

Amfanin sanin wannan shi ne kada mu gwada jinyar wani da ta wani. Wanda aka yi wa dashen kauri duka, idan ya ga bai fara gani sosai ba bayan wata uku, ba alamar lalacewa ba ce. Abin da likita ke dubawa shi ne ko tantanin yana nan garau.

Tantanin da aka dasa

Kafin a ba da tantani, bankin ido yana gwada jinin mamacin domin cututtuka irin su sida da ciwon hanta, ya kuma ƙirga ƙwayoyin shimfiɗar ciki. Akan so su kai 2,000 ko fiye a kowane murabba'in milimita. Ana ajiye shi cikin wani ruwa na musamman a sanyin kimanin digiri 4 har zuwa kwana 14, ko kuma cikin ɗumi har kusan mako huɗu kamar yadda ake yi a Turai. Wannan ne ya sa idan asibiti ya kira ya ce tantani ya iso, ba a ɗage tafiya.

Mutane sukan damu da shekarun mamacin. Wani babban bincike a Amurka, wanda aka wallafa a 2008, ya kwatanta tantanin waɗanda suka rasu suna da shekara 66 zuwa 75 da na waɗanda ba su kai haka ba, ya tarar kashi 86 cikin ɗari na dashen suna aiki bayan shekara 5 a ɓangarorin biyu. Haka kuma a yawancin dashe ba a buƙatar rukunin jini ya zo ɗaya, launin fatar mamacin ba shi da tasiri, kuma launin idon maras lafiya ba ya sauyawa, tunda tantanin kansa ba shi da launi.

Maganin ɗigawa

Idan da abu ɗaya da za mu roƙi kowane gida ya riƙe da hannu biyu, to wannan ne. Bayan aiki ana ba da maganin ɗigawa iri biyu: mai kashe ƙwayoyin cuta na ƴan makonni, da mai kwantar da garkuwar jiki, irin su prednizolon ko deksametazon, wanda ake farawa da sau huɗu ko fiye a yini, a riƙa ragewa sannu a hankali cikin watanni. Wasu sukan ci gaba da ɗigo ɗaya a yini har shekaru, wasu har ƙarshen rayuwa. Babban kuskure shi ne a daina saboda ido ya yi fari ya daina ciwo. Farin idon aikin maganin ne, kuma yanke shi farat ɗaya na cikin manyan dalilan da ke sa jiki ya juya wa dashe baya.

A wanke hannu da sabulu kafin a ɗiga. A girgiza kwalbar idan ruwan maganin fari ne kamar madara. A ja fatar ido ta ƙasa, a sa ɗigo ɗaya, kada bakin kwalba ya taɓa ido ko gashinsa. Idan magani biyu ne a bar minti 5 tsakani, mai maiƙo ya zo ƙarshe. Kwalbar da aka buɗe kada ta wuce mako huɗu, kuma a ajiye ta a inuwa, nesa da murhu da zafin rana. A sayi magani a farmasi, ba wurin masu talla a kan tire ko bayan keke ba, kuma a sayi sabuwar kwalba tun tsohuwar ba ta ƙare ba. Hanya mafi sauƙi ta tunawa ita ce a haɗa lokutan ɗigawa da lokutan salla, a kuma ɗora wa mutum ɗaya a gida alhakin tunatarwa, musamman idan maras lafiyan tsoho ne ko hannunsa na rawa.

Sai dai wannan magani yana da nasa haɗari. Ga wasu mutane yana ɗaga matsin ruwan cikin ido, wanda a ƙa'ida yake tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likita, kuma wannan hawan ba ya ciwo har sai ya cinye jijiyar gani. Yana kuma iya gaggauta yanar ido, ya rage wa ido ƙarfin yaƙar ƙwayoyin cuta. Saboda haka kamar yadda ba a dainawa da ra'ayin kai, haka ba a ƙarawa da ra'ayin kai, kuma ba a ara wa maƙwabci mai jan ido.

Alamu huɗu da ba a kwana da su

Jiki yana iya ƙin dashe a kowane lokaci, har bayan shekaru masu yawa, ko da yake an fi ganin haka a shekara ta farko da ta biyu. Alamunsa huɗu ne: ido ya yi ja, haske ya riƙa kashe shi, gani ya koma dishi-dishi, ko ciwo ya taso. Ɗaya daga cikinsu ta isa. Wanda ya ga haka ya je wurin likitan ido a ranar, ko washegari da sassafe. Idan aka tari abin da wuri, sau da yawa akan kashe wutar da ɗiga magani kowace sa'a, tantanin ya koma garau. Idan aka yi mako guda ana jiran ranar kasuwa, ko ana cewa bari a ga abin da hali zai yi, ƙwayoyin shimfiɗar ciki suna mutuwa a kowace rana, kuma mun riga mun ce ba sa dawowa.

Muna ba da shawara maras lafiya ya zaɓi wani abu a gida, kamar kalanda ko ƙofar ɗaki, kowace safiya ya rufe lafiyayyen idon ya dube shi daga wuri ɗaya. Ta haka zai gane raguwar gani tun tana ƙarama. A kuma ware kuɗin mota na gaggawa a ajiye, kada a taɓa su, domin rashin kuɗin tafiya a ranar da ta kamata yana iya cinye dukan dukiyar da aka kashe a kan aikin.

Zare da ranar komawa asibiti

Likita yakan duba ido washegarin aiki, sai bayan mako guda, sai wata-wata, sannan tazarar ta riƙa faɗaɗa, amma ba ta yankewa. A kowace komawa yana auna matsin ido, ya duba zare da na'ura mai fitila, ya daidaita magani. Zaren da ya saki ko ya tsinke yakan sa mutum ya ji kamar tsakuwa a ido, da hawaye ko kwantsa. Irin wannan zare yana tara ƙwayoyin cuta, yana janyo jijiyoyin jini, yana kuma iya tayar da ƙin dashe, don haka cire shi ba ya jiran ranar randebu.

A nan muke jan hankalin waɗanda ake kaiwa Tunisiya, Maroko, Masar, Indiya ko wata ƙasa. Kafin a tashi, a nemi likitan ido mafi kusa da gida wanda ya yarda zai ci gaba da duba maras lafiya. Kafin a baro can, a karɓi rahoto a rubuce mai ɗauke da ranar aiki, irin dashen, yawan ɗinki, sunayen magunguna da tsarin rage su, da hanyar tuntuɓar likitan da ya yi aikin. A lissafa kuɗin magani da na zirga-zirga na shekara guda cikin kuɗin tafiyar tun farko. Iyalin da suka iya biyan kuɗin aiki amma suka kasa biyan na jinya sun yi rabin tafiya ne suka tsaya.

Tsare ido a gida

Wurin da aka ɗinke ba ya komawa ƙarfinsa na asali har abada. Bugun da lafiyayyen ido zai jure, kamar hannun jariri, ko gwiwar hannu a cunkoso, ko ƙahon akuya, yana iya ɓalle dashe ko bayan shekara goma. Saboda haka ana sa marfin roba da dare a makonnin farko, da rana kuma tabarau, kuma tabarau ɗin ya zama abokin zama. Kokowa da dambe sai a haƙura da su, ƙwallo ma sai da izinin likita da tabarau na kariya. Ɗaukar kaya mai nauyi, daka, jan ruwa a rijiya da faskare duk a ɗaga wa maras lafiya su na kimanin wata guda, ko yadda likita ya ce. Wannan magana ta fi shafar iyaye mata, waɗanda sukan koma aiki tun ba a ba su izini ba saboda babu mai karɓarsu. Nauyin maigida ne ya samar da mai taimako.

Ƙurar hunturu, hayaƙin itace, turaren wuta da ƙaiƙayin sussuka duk suna sa ido ƙaiƙayi, ƙaiƙayi kuma ya kai hannu ga ido. Murza ido haramun ne a likitance ga mai dashe. Idan hawaye ya zubo a share kunci da tsabtataccen ƙyalle, ba idon ba. Wanda zai hau babur ya sa tabarau mai rufe gefe. Kwalli da tozali a ajiye su sai likita ya yarda, kada kuma a yi tarayya da wani a kansu. Nonon uwa, ruwan sukari, ruwan ganye, zuma da duk wani abin da masu zuwa gaisuwa za su kawo da kyakkyawar niyya, kada ko ɗaya ya shiga ido. A karɓi addu'arsu, a yi musu godiya, amma ido a bar shi da maganin likita.

Alwala, sujada da azumi

Masu karatu da yawa za su so sanin matsayin shari'a. Muftin Masar, Shehu Hasan Ma'amun, ya ba da fatawar halascin dashen tantanin ido daga mamaci tun 1959. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci a dasa wa mai rai idan rayuwarsa ko wani muhimmin aikin jikinsa ya dogara a kai, bisa sharaɗin izinin mamacin tun yana raye ko na magadansa, kuma ta hana ciniki da sassan jikin ɗan Adam. Wanda aka yi wa dashe ya kwantar da hankalinsa, domin mai kokwanto shi ke sakaci da magani.

A makonnin farko kada ruwan alwala ko na wanka ya shiga ido. Shari'a ta yi sauƙi: akwai shafa a kan bandeji, akwai taimama ga wanda ruwa zai cutar. Idan likita ya hana sunkuyar da kai na wasu kwanaki, sai a yi salla a zaune da ishara har ya ba da izini. Game da azumi, majalisar da muka ambata ta bayyana a 1997 cewa maganin ɗigawa a ido ba ya karya azumi matuƙar an guji haɗiye abin da ya kai maƙogwaro, yayin da malaman mazhabar Malikiyya ke ganin ramuwa ga wanda maganin ya kai masa maƙogwaro. Akwai dabara mai amfani ta ɓangaren biyu: bayan ɗigawa a rufe ido, a ɗan danna kusurwarsa ta wajen hanci da yatsa na minti biyu, a kan ƙashi ba a kan ƙwayar ido ba. Wannan yana rage gangarar magani zuwa maƙogwaro, ya kuma tsayar da shi inda ake buƙatarsa. Kowa ya tambayi malaminsa, amma kada a tsallake ɗigon rana saboda azumi, domin azumi yana da ramuwa. Mai niyyar Hajji ko Umra kuma ya shawarci likita a kan lokaci, saboda cunkoso da ƙura.

Yara, tsofaffi da lafiyar sauran jiki

Dashe ga ƙaramin yaro ya fi wuya. Garkuwar jikinsa tana da zafin nama, zarensa yana saurin saki, ba ya iya faɗin abin da yake ji, kuma sau da yawa sai an sa masa maganin barci kafin a duba shi. Ga kuma wata matsala: ƙwaƙwalwa tana koyon gani ne a shekarun farko na rayuwa, kuma idon da ya daɗe a rufe da hakiya yakan yi lalaci. Ko tantani ya yi garau, sai an haɗa da tabarau da rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i kullum domin a tilasta wa raunannen aiki. Yaro zai yi kuka ya fizge, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan dama ba ta dawowa idan ya girma.

Ga manya kuwa, ciwon sukari da ba a kula da shi ba yana jinkirta warkewar fuskar tantani, ya buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Taba tana busar da ido, kuma tarin da take jawowa yana takura ɗinki. Ƙarancin bitamin A, wanda alamarsa ta farko ita ce dundumi, yana hana fuskar ido gyaruwa; zogale, karas, kabewa, mangwaro, manja, hanta da ƙwai duk suna maganinsa. A gaya wa likita duk wani magani da ake sha, da duk wani ciwo da ake da shi, ko da ana ganin bai shafi ido ba.

Kammalawa

Cikin abubuwan da muka lissafa akwai waɗanda ba mu da iko a kansu, kamar irin ciwon da ya kama ido da ingancin tantanin da aka samu. Amma ɗiga magani a kan lokaci, komawa asibiti, tsare ido daga bugu da ƙazanta, da gaggawar zuwa idan alama ta bayyana, duk suna hannunmu. Mu kuma tuna cewa yawancin hakiyar da ke kai ƴaƴanmu ga dashe ana iya kauce mata da allurar rigakafin ƙyanda, da ɗigon bitamin A, da wanke fuskar yara, da kai duk wanda abu ya tsokane wa ido asibiti a ranar.

Tantanin da ke idon mai dashe kyauta ce daga wani bawan Allah da ya riga mu gidan gaskiya, wanda shi ko iyalinsa suka yarda wani ya amfana da abin da ya bari. Amana ce, kuma riƙon amana a nan shi ne kwalbar magani da ranar asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya tsare mana ganinmu da jinmu.